Shagon cike takardun gwamnati a Aboabo: aikin akawu ya bar ofis ya dawo unguwa

A Aboabo, cikin birnin Kumasi a Ghana, akwai wani shago mai ɗaki biyu wanda sana'arsa ita ce cike wa jama'a fom ɗin gwamnati ta intanet. A nan ake neman fasfo, a biya kuɗin hukuma ta shafin Ghana.gov, a duba makarantar sakandaren da kwamfuta ta tura yaro, a buga wa malaman makaranta da ma'aikatan jinya takardar albashinsu, a kuma cike fom ɗin neman aiki duk lokacin da wata ma'aikata ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata. Ba zan ambaci sunansa ba, domin mai shi bai nemi talla ba, kuma irinsa sun yawaita daga Asawase zuwa Alabar. Na daɗe ina kai aikina da na 'yan uwana can, kuma hukuncina shi ne shago ne da ya cancanci kuɗin da ake biya, amma yana da aibu biyu da bai kamata mai zuwa ya yi sakaci da su ba. Abin da ya sa na ga ya dace a yi masa dogon bayani shi ne, aikin da ake yi a cikinsa aikin gwamnati ne, wanda a da ma'aikacin gwamnati ke yi a bakin albashinsa, yanzu kuma talaka ke biya daga aljihunsa.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai kwamfutoci uku na kan tebur, da injin buga takardu, da na'urar ɗaukar hoton takarda, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa saboda ɗaukewar wuta. Mai shagon dattijo ne, tsohon akawu, wanda ya yi rayuwar aikinsa a gaban tafireta a wani ofishin gwamnati har ya kai shekara 60 ya yi ritaya. Matasa biyu ne ke taimaka masa, namiji da mace, dukansu masu digiri. Yarinyar ta yi aiki a ƙarƙashin shirin NABCO, wanda gwamnati ta ƙaddamar a 2018 don ɗaukar masu digiri 100,000 a kan alawus na sidi 700 a wata, kuma ɗaya daga cikin rassan shirin aikinsa ke nan, shigar da bayanan ofisoshi cikin kwamfuta. Da shirin ya ƙare a 2022 ba a ba ta aikin dindindin ba, sai ta kawo hannunta da ya riga ya saba da fom ɗin hukuma ta zauna a wannan shago.

Babban abin yabo a wurin ya fi saurin buga rubutu muhimmanci. Kafin a taɓa kwamfuta, dattijon yakan karɓi duk takardun da mutum ya zo da su, ya jera su a kan tebur, katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa da tsohon fasfo idan akwai, ya bi su harafi bayan harafi. Duk ɗan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a biranen Ghana, ya san dalilin haka. Mutum guda zai kasance Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a katin Ghana, Mahama a takardar makaranta, saboda kowane akawu da ya taɓa rubuta sunansa ya rubuta shi ne yadda kunnensa ya ji. Abubakar yakan zama Abubakari ko Bukari. Tsofaffinmu da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, aka ƙiyasta musu ita a ranar da suka fara neman wata takarda, aka sake ƙiyasta wata dabam bayan shekaru. A zamanin fayil, akawu yakan dubi mutum, ya yi masa tambaya biyu ko uku, ya gane cewa shi ne, ya wuce da aikinsa. Kwamfuta ba ta yin haka. Harafi ɗaya ya bambanta, ta tsayar da komai, kuma gyaran yakan kai mutum ga yin rantsuwa a gaban hukuma, wani lokaci har da buga canjin suna a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, kowanne da kuɗinsa da jiransa.

Na ga yadda ya yi da wata tsohuwa da ke shirin aikin Hajji. Ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan tura wannan yau ba. Shekarar haihuwarki da ke kan kati ba ta yi daidai da ta takardar haihuwa ba. In muka tura a haka, kuɗinki zai fita, ki je wurin ɗaukar hoto a dawo da ke." Ta ce, "To Malam, yaya za a yi?" Ya rubuta mata a ƴar takarda ofishin da za ta fara zuwa da abin da za ta riƙe, ya kira jikanta ya maimaita masa, bai karɓi ko sisi ba. Shagon da kuɗi kawai ke gabansa da ya cike fom ɗin ya karɓi ladansa, abin da zai biyo baya ba ruwansa. Wannan taka-tsantsan ya ƙara daraja tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da kuɗin ƙaramin fasfo ya tashi daga sidi 100 zuwa 500, ko da yake an rage shi daga baya. Kuskure a fom yanzu asara ce da gida zai ji a jikinsa.

Ba za a fahimci dalilin cikar wannan shago da mutane ba sai an dubi abin da gwamnatocin Ghana suka zuba a kan kwamfuta cikin shekara ashirin da suka wuce, ba tare da bambancin jam'iyya ba. A 2005 aka fara rarraba ɗalibai zuwa makarantun sakandare ta kwamfuta. A 2009 aka ƙaddamar da GIFMIS, tsarin da ke kula da kasafin kuɗi da biyan kuɗaɗen ma'aikatu. A 2013 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 97 don shirin e-Transform na mayar da ayyukan gwamnati kan kwamfuta, a 2022 kuma ya amince da wasu dala miliyan 200 don faɗaɗa ayyukan gwamnati ta intanet. A tsakanin nan neman fasfo ya koma intanet a ƙarshen 2016, aka fara fitar da kaya daga tashoshin jiragen ruwa ba tare da takarda ba a watan Satumban 2017, aka ba gidaje adireshin GhanaPost GPS a wannan shekarar, sannan a 2021 aka buɗe Ghana.gov, katin Ghana kuma ya zama lambar biyan haraji. Ba duka kuɗin ne ya tafi inda ya kamata ba. Manhajar da hukumar fansho ta SSNIT ta ba da kwangilarta a kan kimanin dala miliyan 34 ta ƙare da cin fiye da dala miliyan 60, har maganar ta kai kotu.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa idan aka sayi kwamfuta, ma'aikata za su ragu, kuɗin albashi ya sauka, abin da ya rage a yi wa jama'a aiki da shi. Ba haka ta kasance ba, kuma dalilin a bayyane yake. Mutanen da ke karɓar albashi ta hannun ofishin Akanta Janar sun haura 600,000, kuma mafi yawansu malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya, waɗanda kwamfuta ba za ta tsaya a gaban aji ko a gefen gadon mara lafiya a madadinsu ba. Abin da ya kumbura kuɗin albashi ma ba yawan akawuna ba ne. Sabon tsarin albashi na bai-ɗaya da aka fara a 2010 shi ne ya sa, cikin shekara biyu zuwa uku, albashi ya riƙa cinye fiye da rabin harajin da ƙasa ke tarawa. Da gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2015, ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne a dakatar da ƙara yawan ma'aikata, ban da ɓangaren ilimi da na lafiya. Har yau babu ma'aikatar da ke ɗaukar mutum sai da izinin Ma'aikatar Kuɗi.

To a ina ragin ya faɗa? Ya faɗa ne a kan ƙananan ma'aikata da ke fuskantar jama'a. Ba a kori mai tafireta da masinja da mai ajiyar fayil da mai karɓar kuɗi a taga ba, an dai bar su sun tsufa sun yi ritaya, ba a cike gurbinsu ba, saboda an ce kwamfuta ta ɗauke aikinsu. Gaskiya ne ta ɗauke wani sashe, wato bugawa da ajiyewa da lissafi. Amma akwai wani sashe na aikin akawu da ba a taɓa rubuta shi a takardar ɗaukarsa aiki ba: ya saurari wanda bai iya karatu ba, ya fassara masa da Hausa ko da Twi abin da fom ke nema, ya lura da kuskure tun bai yi nisa ba, ya gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wannan sashen kwamfuta ba ta ɗauke shi ba, kuma gwamnati ba ta ajiye kowa a kansa ba. Lamarin ya yi kama da na garin da ya sayi injin niƙa, bai ajiye wanda zai tayar da shi ya karɓi hatsin mutane ba. Mai shagon Aboabo wannan gurbin ya cike, da ilimin da ya samu a ofishin gwamnati, da hannun matasan da gwamnati ta koyar ta sake su. Idan aka lissafa ma'aikatan ofis kawai, za a ce kwamfuta ta rage ma'aikata. Idan aka haɗa da masu zama a irin waɗannan shaguna a kowane zango da kowace tashar mota, ni ina ganin hannuwan da ke cike takardun gwamnati ƙaruwa suka yi, mai biyansu ne kawai ya canza.

Ma'aikatan gwamnati kansu abokan cinikin shagon ne, kuma wannan ya fi komai ba ni mamaki da farko. Malamin makaranta da ke neman rance a banki sai ya zo a buga masa takardar albashi daga shafin Akanta Janar. Shugabar wata makarantar firamare takan zo ƙarshen wata idan intanet ɗin wayarta ya ƙi, domin doka ta ɗora mata tantance malaman da ke ƙarƙashinta ta kwamfuta kowane wata, kuma wanda ba a tantance ba albashinsa ba zai fita ba. An kawo wannan tsari ne don maganin ma'aikatan bogi, manufa mai kyau ƙwarai. Sai dai tarihi ya nuna cewa kwamfuta kaɗai ba ta gama wannan yaƙi. A 2017 aka dakatar da albashin mutane fiye da 26,000 saboda bayanansu ba su yi daidai da na SSNIT ba, daga baya ya bayyana cewa da yawa a cikinsu ma'aikata ne na gaskiya da ke bakin aikinsu, aka mayar da su. A farkon 2025 kuma, a hukumar masu yi wa ƙasa hidima, wadda rajistarta ta daɗe da komawa intanet, ƙidayar mutane ido da ido ce ta bankaɗo sunaye 81,885 da ake zargin na bogi ne. A karo na farko kwamfuta ta cire masu gaskiya, a na biyu ta riƙe sunayen da babu masu su, kuma a duka biyun sai da mutum ya tashi ya je ya duba.

Ba na cikin masu cewa an yi asarar kuɗin gaba ɗaya, shi ma mai shagon ba ya cikinsu. Sabunta katin inshorar lafiya ta lambar *929#, wanda aka fara a ƙarshen 2018, ya kawar da layin da mata masu goyo ke bi tun asuba. Biyan kuɗin hukuma ta momo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, ya sa mutum yana da shaidar biya a wayarsa, kuma ya rage wa dillalan bakin ofis, waɗanda ake kira goro boys, hanyar cin abinci. Wani abin da ya ƙara wa shagon mutunci a idona shi ne, idan ka kawo aikin da za ka iya yi da kanka a waya, yarinyar takan karɓi wayarka ta nuna maka sau ɗaya, ta ce, "Baba, gobe ba sai ka zo ba, ga yadda ake yi." Suna rasa ɗan kuɗi a nan, amma mutumin da aka yi wa haka shi ne zai dawo da babban aiki.

Aibi na farko shi ne farashi ba a rubuce yake ba. Babu allo a bango, babu takarda a kan tebur. Dattijon yakan dubi mutum ya yanke, ya sassauta wa tsohuwa, ya ɗan ƙara wa ɗan kasuwa, kuma na yarda da kyakkyawar niyya yake yi. Amma idan ba ya nan, matasan sukan faɗi abin da ya bambanta da nasa, har mutum biyu da suka kawo aiki iri ɗaya su biya kuɗi dabam-dabam. Kuma ba a rarrabe wa mutum tsakanin kuɗin gwamnati da ladan shago, sai a faɗa masa jimilla, wanda hakan ke sa wasu su fita da zaton cewa hukuma ce ta karɓi duka, wasu kuma su zaci shagon ne ya cinye duka. Wanda ya je ya nemi a nuna masa shaidar biyan kuɗin hukuma a kan allon kwamfuta, a kuma buga masa ita. Ba su taɓa hana ni ba, amma sai na tambaya.

Aibi na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne ya sa ba zan iya ba shagon cikakken yabo ba. Hotunan katin Ghana da takardun haihuwa na mutane masu yawa suna zaune a kwamfutocin nan, a wurin da duk wanda ya zauna gaban allo zai iya buɗewa. Na taɓa tarar da hoton katin wani dattijo da na sani a buɗe lokacin da ake yi mini nawa aikin. Da na yi magana sai aka rufe, aka ce ana ajiyewa ne don sauƙaƙa wa mutum idan ya dawo. Na fahimci uzurin, ban karɓe shi ba. Katin nan yanzu yana haɗe da layin waya da asusun banki da lambar haraji da ta fansho, kuma Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, wadda ta shafi duk wanda ke riƙe bayanan wani. Haka nan, ga wanda ba shi da imel, sukan buɗe masa asusu da lambar sirrin da su suka zaɓa, a rubuta a littafin shago, mai abin ya tafi bai san ta ba. Ranar da shagon ya rufe, ko littafin ya ɓace, ko ɗaya daga cikin matasan ya bar aiki, mutum ba shi da hanyar shiga asusunsa. Ma'aikacin gwamnati da ya yi wasa da fayil ɗinka yana da shugaba, yana da dokar aiki, akwai inda za ka kai ƙara. Shagon unguwa ba shi da ko ɗaya, amanar mai shi kaɗai ce jinginarka. Wannan amanar tana nan a shagon da nake magana a kai, amma ba zan rantse tana nan a duk irinsa ba.

Akwai kuma abin da ba laifinsu ba ne. Shafukan hukuma sukan tsaya, musamman ranar da aka fitar da sakamakon rarraba ɗalibai ko aka buɗe ɗaukar ma'aikata, lokacin da ƙasa gaba ɗaya ke dannawa a sa'a ɗaya. A watan Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, aiki ya tsaya cak a shagon kamar yadda ya tsaya a wurare da yawa a ƙasar, kuma babu taga mai takarda da za a koma. A irin wannan rana sukan karɓi lambar wayarka su kira ka idan shafin ya dawo, ba sa neman ƙarin kuɗi. Wurin zama dai ya yi kaɗan, benci ɗaya ne, tsofaffi sukan tsaya a rana.

Abin da nake fata daga gwamnati ba dawo da tafireta ba ne. A duk lokacin da aka ware kuɗin sayen manhaja, a ware tare da shi albashin mutanen da za su zauna a ofisoshin gundumomi su taimaki wanda ya kasa, masu jin harsunan da mutanen wurin ke ji, da kuma masu gyaran na'ura na dindindin, domin kada kowace matsala ta jira ɗan kwangila. Ofishin Shugaban Ma'aikata da CLOGSAG, ƙungiyar ma'aikatan gwamnati da na ƙananan hukumomi, su ne ya kamata su riƙe wannan magana, domin gurabe ne na aiki na gaske, kuma matasan da za su cike su suna nan zaune a shaguna. Idan kuwa an yarda cewa shagunan ne za su ci gaba da ɗaukar nauyin, to a yi musu rajista, a ƙayyade ladan kowane aiki, a koya musu yadda ake kare bayanan mutane.

Ga wanda ke son zuwa, ya je da safe kafin layi ya taru, ya guji ranar fitar da sakamakon makarantu in ba shi ne ya kai shi ba, ya kuma tuna cewa suna rufewa lokacin sallar Juma'a. Ya riƙe ainihin takardunsa duka, ba hotonsu kaɗai ba, da wayar da layinta ke rajiste da sunansa, domin can ake turo lambar tabbatarwa. Ya zaɓi lambar sirrinsa da kansa ya rubuta ta a inda zai same ta, ya sa a karanta masa sunansa da ranar haihuwarsa da babbar murya kafin a tura, sannan kafin ya tashi ya tsaya a goge hotunan takardunsa daga kwamfutar a gaban idonsa.